Inda ake ɗaura mastar birki da feda a motar hot rod: fashin baƙi

Motar hot rod, irin wadda Amurkawa ke haɗawa da tsohon bodin Ford na 1932 ko na Model A, tana da wata matsala da hoto ba ya nunawa. A hoto fenti ake gani, da ƙaton inji mai walƙiya, da manya-manyan tayoyin baya. Abin da ba a gani shi ne ɗan kogon da ƙafafun direba ke shiga. A cikin wannan ƙunci ake so sandar sitiyari ta ratsa, totur ya zauna, fedar birki ta zauna, in motar mai kuloci ce shi ma a ba shi nasa wuri. Bayan an gama wannan rabon sai a koma neman inda za a ɗaura mastar birki, wato silindar da feda ke turawa ta aika mai zuwa ƙafafun mota huɗu. Masu haɗa motocin da yawa kwalliya ce ke yanke musu hukunci a nan. Ni kuwa a ganina ƙafar direba da lissafi ne ya kamata su yanke, kwalliya ta karɓi abin da ya rage.

Tushen matsalar tarihi ne. A shekarun 1930 samarin kudancin Kalifoniya suka fara sayen tsofaffin Ford masu araha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su gyara inji, su nufi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su gwada gudu. A 1937 ƙungiyoyinsu suka haɗu suka kafa SCTA don tsara tseren. To amma motocin da suka fi ƙauna, Model A na 1928 zuwa 1931 da Ford na 1932, birkinsu na sanduna ne. Ka taka feda, sandunan ƙarfe su ja takalman birki a kowace ƙafa, babu mai ko ɗigo. Kamfanin Duesenberg ya fito da birki mai aiki da mai tun 1921, Chrysler ya bi sahu a 1924, amma Henry Ford ya kafe, sai a 1939 motocinsa suka samu. Ke nan wanda ya zana shasin 1932 bai bar wa masta ko taƙi ɗaya ba, don ba ta cikin lissafinsa. Injin V8 na wannan shekara ƙarfin doki 65 gare shi. Yau a ramin nan ake cusa injin Chevrolet 350 mai ƙarfin doki 300 ko fiye, da giyabos da ya fi na asali ƙiba sosai. Wuri ya ragu, buƙatar birki kuma ta ƙaru.

Aikin masta ba shi da wuyar ganewa. Ka ɗauke ta a matsayin sirinjin allura na ƙarfe. Feda ta tura wata 'yar sanda, sandar ta tura fistan, fistan ya matse man birki cikin siraran bututai, man ya je ya tura wasu fistocin a ƙafafun mota. Mai ba ya matsuwa, don haka ƙarfin da aka sa a nan can yake fita. Iska kuwa tana matsuwa, shi ya sa 'yar iska kaɗan a bututu ke sa feda ta yi laushi. A saman masta akwai tankin mai, kuma tsakanin tankin da ramin fistan akwai wata ƙaramar huda da ke buɗe sa'ad da ƙafa ba ta kan feda. Ƙarama ce ƙwarai, amma rigima da yawa daga wajenta take tasowa.

Wurin da 'yan gargajiya suka fi so shi ne ƙarƙashin daɓe. Haka Ford ɗin kansa ya yi a 1939: fedojin suna juyawa a kan wata sanda da ke ɗaure a giciyen shasi, hannayensu su ɓullo ta daɓe, mastar mai faɗin rami inci 1 da 1/16 tana kwance a bayansu. Masu hot rod na bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun wawashe waɗannan fedoji daga wuraren tara matattun motoci, tare da birkunan ƙafa na Ford 1940, har yau kuma saitin fedar 1939 na asali kaya ne mai daraja a wajensu. Na a-kori-kurar Ford F-1 ta 1948 zuwa 1952 ma ana nema. Wanda ya taɓa tuƙa Volkswagen Beetle, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas, ya san yanayin fedar da ke tasowa daga ƙasa, mastarta a can ƙasa, tankin manta kuma a sama.

Amfanin wannan wuri biyu ne, kuma dukansu na gaske ne. Bangon da ke tsakanin inji da direba yana zama fes, babu abin da ke rataye a jikinsa, abin da ke da muhimmanci ga motar da galibi ba a rufe gefen injinta. Na biyu, wanda ya fi nauyi, masta da feda duk a shasi suke ɗaure, ƙarfe mai kauri da ba ya motsi ko an taka da ƙarfin tsiya.

Sai dai ƙarƙashin daɓe kasuwa ce cike maƙil. Giyabos yana dama, gefen shasi yana hagu, giciyen shasi ya ratsa tsakiya, ita kuma salansar ɓangaren direba nan ne hanyarta zuwa baya. Zafin salansar nan shi ne babban abokin gaba. Man birki na DOT 3 sabo yana tafasa ne aƙalla a digiri 205 na ma'aunin Selsiyas, amma da yake yana shan danshin iska, in ya tsufa tafasarsa kan sauko zuwa 140. Na DOT 4 daga 230 yake saukowa zuwa 155. Bututun salansa kusa da inji ya wuce waɗannan lambobi nesa ba kusa ba. In mai ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai feda ta nutse har daɓe ba tare da motar ta rage gudu ba. Maganin shi ne a ba da tazara ta 'yan inci, a kuma sa faifan ƙarfe a tsakani, mai iska ta gaba da ta baya. Sannan ga wahalar duba mai. Sai an ɗaga kafet, an buɗe wata 'yar ƙofa a daɓe, an leƙa da tocila, ana kaffa-kaffa kada ƙasa ta faɗa cikin tanki. Abin da dubansa ke da wuya kuwa, mutane ba sa dubawa. Shi ya sa wasu ke kai tankin sama su haɗa shi da mastar ta tiyo na musamman wanda man birki ba ya ci.

Akwai kuma maganar yadda kayan suka sauko. Motocin nan ƙasa-ƙasa ake yin su. Ƙungiyar NSRA ta masu irin waɗannan motoci a Amurka, wadda aka kafa a 1970, tana duba wannan a binciken lafiyar mota da take yi a tarukanta: in taya ta sace, kada wani abu na birki ko na sitiyari ya riga wili taɓa kwalta. Mastar da ta leƙo ƙasan shasi, ranar da taya ta fashe ita za ta fara gurzar titi, daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Matsalar da ta fi rikita sababbin shiga ita ce ta gangarowar mai. In masta tana ƙasa da kalifa, wato muƙamuƙin da ke damƙe faifan birki, mai yakan so ya gangaro daga kalifar ya koma tanki ta 'yar hudar nan. Fistocin kalifa su ja baya kaɗan. Da safe ka taka birki ka ji shi ya tafi can, ka sake takawa ya taso. Ana magance wannan da wani ɗan bawul da ake sa wa a bututu kusa da masta, wanda ke riƙe matsi kaɗan a layin ko an ɗaga ƙafa. Ana auna matsin da psi, wato fam nawa ke danna kowane murabba'in inci. Na birkin faifai psi 2 ne. Lambar ƙarama ce amma ta wadatar, domin psi 2 na iya riƙe man da ya tsaya a bututu mai tsayin fiye da ƙafa huɗu, babu kuwa kalifar da ta ɗara masta da ko rabin haka. Birkin durom nasa daban ne, psi 10, kuma shi ko ina mastar take yana buƙata, don matsin ne ke manna leɓen robar fistan da bango kada iska ta kutsa sa'ad da aka saki birki. Sifirin ɗin takalman durom ya fi psi 10 ƙarfi, saboda haka birkin ba ya kamawa. Kamfanin Wilwood ya bambanta su da launi, shuɗi na 2, ja na 10. Ka sa jan a layin faifai, birki zai riƙa jan ƙafa yana zafi. Kuma kafin a sayi ko ɗaya sai a duba, domin tsofaffin mastocin durom da nasu bawul ɗin a ciki suke zuwa.

Wuri na biyu shi ne jikin bangon inji, feda tana rataye daga sama, yadda kusan kowace mota take a yau. Ford ya koma wannan tsari a motocinsa na 1952, kuma ba a jima ba shagunan kayan tsere irin su Ansen na Los Anjeles suka fara sayar wa masu hot rod fedojin ratayawa. Wasu suka riƙa ɗauko mastar a-kori-kurar Chevrolet ta 1960 zuwa 1962, wadda ta haɗa birki da kuloci a jiki ɗaya. Ta fuskar aikin mai, nan ne wuri mafi kyau, babu tantama. Masta ta fi kowace kalifa tsayi, iska da kanta take hawa ta nufi tanki, duba mai bai wuce kallo ɗaya ba, ruwa da laka ba sa kai mata, kuma daɓe ba ya buƙatar rami.

Amma bangon injin Model A siririn gwangwani ne, an yi shi don tare zafi da hayaƙi, ba don ɗaukar turi ba. Direban da ya firgita yana iya sa wa masta ƙarfin da ya kai kilo 300 ko fiye. In ba a ƙarfafa bangon ba sai ya lotsa gaba, wani kaso na tafiyar feda ya ƙare a lanƙwasa gwangwani maimakon matse mai, yau da gobe kuma ya tsage a bakin ramukan noti. Mutum ya yi ta cire iska daga layi yana neman dalilin laushin feda, alhali babu iska ko kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne: wani ya taka da ƙarfi, kai ka zuba wa mastar ido. In ta motsa, an gano ɓarawon. Gyaran shi ne faifan ƙarfe mai kauri a bayan bango, da firam da ke haɗa gindin fedar da ƙarfen dashbod da ginshiƙan ƙofa. Ban da wannan, murfin kan injin V8 na hagu yakan tsaya daidai inda mastar ke so ta fito, balle in an ja injin baya. Kuma tunda yanzu masta tana jikin bodi, bututai kuma suna gangarawa shasi, sai an murɗa musu 'yan zobba ko a sa gajeren tiyo, don bodi da shasi ba tare suke motsi ba.

Na uku shi ne a ɓoye komai a ƙarƙashin dashbod, ko dai mastar ta juyo tana kallon direba, ko ta kwanta a gicciye, wani gwiwar ƙarfe yana karkatar da turin. Kamfanin Kugel Komponents na Kalifoniya ya yi suna da irin wannan. Bango fes, daɓe babu rami, masta kuma a sama. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarin gaɓoɓi, kowace gaɓa da ɗan sakinta, ga cunkoso da wayoyi da agogunan dashbod, ga shi in ta yi yoyo a kan takalmin direba da kafet za ta zuba. Man DOT 3 da DOT 4 kuwa fenti suke ci.

Duk wanda aka zaɓa cikin ukun, lissafin feda bai canzawa, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Feda sandar ɗaga nauyi ce. Ka auna daga inda take juyawa zuwa tsakiyar inda ƙafa ke takawa, ka auna daga inda take juyawa zuwa inda sandar turi ta maƙale, ka raba na farko da na biyu. Inci 12 a raba da inci 2 ya ba da 6, wato ƙarfin ƙafa zai ninka sau shida. Motar da ba ta da busta, wato na'urar da ke taya ƙafa tura birki, tana son 6 zuwa 7. Mai busta 4 zuwa 5 ya ishe ta.

Bari mu sa lambobi. Direba ya taka da fam 100, kimanin kilo 45, taka mai ƙarfi ke nan amma ba ta fi ƙarfin mutum ba. Da ninki shida, fam 600 ne ke isa fistan. In faɗin ramin masta inci 1 ne, fuskar fistan ta kai murabba'in inci 0.785, matsin da zai fita psi 764 ne. Ka sa masta mai 7/8, fuska ta ragu zuwa 0.601, matsi ya haura zuwa kusan psi 1,000. Ka sa babba mai inci 1 da 1/8, matsi ya faɗo wajen psi 600. Nan mutane da yawa ke tafka kuskure, suna zaton babbar masta ita ce birki mai ƙarfi. Akasin haka ne. Babbar tana tura mai da yawa amma da rauni, feda ta yi tauri a sama, motar kuma ta ƙi tsayawa. Birkin faifai yakan nemi matsin da ya kai wajen psi 1,000 in ana son tsayawar gaggawa.

Yanzu dubi yadda wurin ɗaurawa ke shiga cikin wannan. Mai haɗa mota ya ga fedar ta yi tsawo tana dukan sandar sitiyari, ya yanke inci 3, ta koma 9. Ko kuma giciyen shasi ya tare hanya, ya saukar da mastar, ya sake huda ramin sandar turi a inci 3 maimakon 2. A na farko ninki ya faɗo zuwa 4 da rabi, a na biyu zuwa 4. Da ninki huɗu da masta mai inci 1, takawar nan ta fam 100 psi 510 kawai za ta ba da. An zubar da sulusin birki saboda inci ɗaya, kuma babu abin da ido zai gani ya ce an yi ɓarna.

Ninki ba kyauta ba ne, da tafiya ake biyansa. Fistan masta yana da tafiyar da ta kai inci ɗaya ko ɗan fiye. Da ninki shida, feda na buƙatar inci 6 zuwa 7 kafin ta kai fistan ƙarshen raminsa. A tuƙin yau da kullum ba a cin ko rabin haka, shi ya sa ake samun masu cewa inci 4 ya isa, su bar daɓe ya tare sauran. Wannan, a wajena, shi ne kuskure mafi haɗari a duk aikin. Tsohuwar mastar 1939 ɗaki ɗaya gare ta, bututu ɗaya ya fashe birki huɗu sun tafi. Daga motocin 1967 kamfanonin Amurka suka koma masta mai ɗaki biyu, dokar tarayya kuma ta wajabta ta daga 1968. Fistoci biyu ne a jere, ɗaya na gaba ɗaya na baya. In layi ɗaya ya fashe, fistan wannan layi zai tafi a banza har ya dunguri ƙarfe, sa'an nan ne ɗayan zai fara matsa nasa man. Wato birkin ceto yana can kusa da ƙarshen tafiyar feda. In daɓe ya tare feda kafin ta kai can, an sayi masta mai ɗaki biyu amma aikin mai ɗaki ɗaya take yi. Kuma kafet da abin hana zafi da ake shimfiɗawa a ƙarshen aiki suna iya cinye rabin inci ko fiye, don haka da su ake awo.

Sandar turi ma tana da nata sharuɗɗa. Fistan a miƙe yake tafiya, gindin sandar kuwa zagaye yake bi tare da feda. Ɗauki gwiwa mai inci 2, wato tazarar nan daga inda feda ke juyawa zuwa inda sandar ta maƙale, da tafiyar fistan ta inci 1. In aka saita ta yadda sandar da gwiwar suka yi kusurwar digiri 90 a tsakiyar tafiya, gindin sandar zai kauce daga layi da 1/16 na inci kawai. In kuwa a farkon tafiya aka saita kusurwar, kaucewar za ta haura rubu'in inci kafin a kai ƙarshe. Sandar da ke turi a karkace tana goga fistan da bango, ta cinye roba, ta sa yoyo. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kada karkatar ta wuce digiri 3 zuwa 5, kuma doguwar sanda ta fi gajera yafiya.

Sai kuma saki. Dole a bar ɗan rata tsakanin kan sandar da fistan, abin da bai fi 1/16 na inci ba, wanda a feda za a ji shi kamar rubu'i zuwa rabin inci. Dole kuma feda ta samu sifirin da ke dawo da ita da abin da ke tare ta a sama. Dalilin 'yar hudar nan ce. In sanda ta yi tsawo, ko nauyin feda yana danna ta, fistan ba zai koma gida sarai ba, roba ta rufe hudar. Motar za ta fita lafiya lau. Bayan 'yan kilomitoci mai ya ɗumama ya kumbura, ba shi da hanyar komawa tanki, sai ya fara matse birki. Birki ya yi zafi, mai ya ƙara kumbura, ya ƙara matsewa, har motar ta tsaya cak a gefen titi, ƙafafu suna ƙauri, feda ta yi tauri kamar an yi mata walda. Direba ya zauna rabin awa, komai ya huce, motar ta tafi kamar ba a yi ba. Fedar daɓe ta fi faɗawa wannan, domin nauyin hannunta yakan kwanto gaba. Abin tarewa a sama kuma shi ke hana a ja feda baya da ƙafa sandar ta zame daga cikin fistan.

Busta kuwa, ganga ce da ke amfani da zuƙar iskar inji ta taya ƙafa turi. A ƙarƙashin daɓen hot rod mai faɗin inci 7 ce kawai kan shiga, wani lokaci mai 8. Tana son zuƙa wajen inci 18 a ma'aunin makuri. A wannan zuƙa, mai inci 7 mai fata ɗaya a ciki, wadda zuƙar ke ja, za ta ƙara fam 340 in ta yi iya yinta. Amma masu hot rod suna son kam mai zafi, wato sandar buɗe bawulolin inji irin ta tsere, wanda ke sa inji gurnani, irin wannan kam kuwa yakan sauko da zuƙa zuwa inci 10, taimakon bustar ya koma wajen fam 190. Ga shi an riga an rage ninkin feda zuwa huɗu saboda ita. Sakamakon ya fi rashin busta muni. Ana iya sa famfon zuƙa na lantarki, ko irin bustar nan ta Hydro-Boost da ke aiki da man sitiyari. Ni dai ra'ayina, Ford 1932 mara rufi da nauyinsa bai fi tan ɗaya da 'yan kai ba ba ya buƙatar busta. A ba shi ninki shida ko bakwai da masta mai 7/8 ko inci 1 gwargwadon girman kalifarsa, a huta da neman wuri.

Duk wannan lissafi daga kujera ya kamata ya fara. Tsarin aikin da na fi yarda da shi shi ne a ɗora inji da giyabos, a ɗora bodi, a sa kujerar da za a yi amfani da ita da ainihin katifarta, a rataye sandar sitiyari, sa'an nan mai motar ya shiga da takalmin da yake tuƙi da shi. A yanko feda ta falanki, a soka mata ƙusa a inda ake zaton za ta juya. Ya ɗora dunduniya a daɓe, ya kai ƙafa daga totur zuwa birki ya dawo, sau da yawa, wani yana tsugune a bakin ƙofa da tef da alli. Gwiwa tana dukan sitiyari in an ɗaga ƙafa? Gefen takalmi yana kama totur in an taka birki? Ƙafar hagu tana da wurin hutawa? In an tura fedar har ƙarshe, ƙafar ta miƙe sarai ko da sauran lanƙwasa? Ana son da saura, don ƙafar da ta miƙe ta gama ba da ƙarfinta. Fedar birki takan ɗara totur tsayi kaɗan, ta yadda ko an taka ta sosai takalmi ba zai danna totur ba.

A motar da aka sauke bodinta ta lulluɓe shasi, inci 4 ko 6 ɗin da aka saukar daga wurin ƙafa aka cire su. Direba yana zaune kusan a daɓe, ƙafafu a miƙe gaba. A irin wannan zama turin ƙafa gaba yake tafiya, ba ƙasa ba, kuma doguwar fedar daɓe ba ta da sararin tasowa, shi ya sa fedar ratayawa ta fi dacewa da su. Wanda ya nace sai fedar 1939 zai iya lanƙwasa ta ta kauce wa sitiyari, domin ƙirarren ƙarfe ce ba zubi ba. A gasa ta ta yi ja, a lanƙwasa, a bar ta ta huce da kanta, kada a tsoma a ruwa. Bayan lanƙwasa a sake auna ninki, a miƙe daga majuyi zuwa matakin ƙafa, ba a bi gwiwoyin hannun ba. Salansa ce ake yi a ƙarshe, ita za ta kauce wa masta.

A haɗa bututai akwai tarko ɗaya. Mastar ƙarƙashin daɓe galibi a juye take, don haka ramin da ke fuskantar gaban mota ba lalle shi ne na birkin gaba ba. In gaba faifai ne baya durom, ɗakin da tankinsa ya fi girma shi ne na faifai, domin kalifa tana ƙara shan mai yayin da fatar birki ke cinyewa. Bututun na ƙarfe ne ko na haɗin jan ƙarfe da nikel mai faɗin 3/16 na inci, bakinsa a ninke sau biyu, ba jan ƙarfe zalla ba. A layin baya ake sa bawul mai rage matsi, a saita shi har ƙafafun gaba su riga na baya kullewa. Fil ɗin da ya haɗa feda da sandar turi kuma a kulle shi da abin da ba zai kwance da girgiza ba.

Kafin motar ta hau titi akwai gwajin da ba a tsallakewa. A cire wa masta iska a kan benci tun kafin a ɗaura ta, a ɗaura, a cire iskar layuka, a shimfiɗa kafet. Sai a buɗe mazubin kalifar gaba ɗaya, a sa masa tiyo zuwa kwalba, a taka feda a hankali. Za ta nutse sosai, amma ya kamata ta yi tauri da sauran rata tsakaninta da daɓe, ƙafafun baya kuma su kama har hannu ya kasa juya su. A rufe, a ƙara mai, a maimaita da na baya. In a ɗayan gwaje-gwajen biyu feda ta taɓa kafet kafin ta yi tauri, sai an ɗaga fedar, ko a zurfafa daɓe, ko a sake duba ninki da faɗin masta.